Uwa Tsakanin Raino da Aiki: A Hannun Wa Yaron Ke Wuni?

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa a kan zaman iyali. Iyayena mata, ina gajiya, ya ɗawainiyar yara? Iyayenmu maza, na kasuwa da na gona da na bakin tasha, sannunku da ƙoƙari. Don Allah kada wani ya murɗa akwatinsa don ya ji an ce yau hirar mata ce. Rabin maganar nan taku ce, kuma za mu iso kanku.

Ga abin da ke gabanmu. Mace ta sauka lafiya, an yi suna, ta gama wankan jego, ta yi arba'in. Sai tambaya ta taso: ta zauna ta rungumi ɗanta, ko ta koma bakin aikinta? Tambayar nan ta sha haɗa miji da mata, ta haɗa uwar miji da matar ɗanta, ta haɗa mata su ya su. Ku je gidan biki ku kasa kunne. Wadda ta zauna gida a ce ta zama cima-zaune, ta kai digirinta kicin. Wadda ke fita a ce ta fifita albashi a kan 'ya'yanta, ta bar wa 'yar aiki tarbiyya. Kowacce ta koma gida maganar tana cin ranta.

Tambaya ɗaya nake so mu riƙe daga nan har ƙarshen shiri. Duk wanda aka zaɓa cikin biyun, a hannun wa yaron yake wuni, kuma a kan wa nauyin zaɓin ke sauka?

Mu fara da waiwaye. Wasu na magana kamar boko ne ya koya wa mace neman na kanta. To, wa ke kaɗi ta sayar da zare a zamanin kakanninmu? Wa ke soya gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli? Wa ke dakan fura, ta yi daddawa, ta saƙa faifai, ta yi kiwon awaki, ta zuba adashi har ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki? Duk wannan da goyo a bayanta. A shekarun 1960 wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. A 1969 ta yi rubutu a kan abin da ta kira ɓoyayyen cinikin ƙasar Hausa, wato yadda matan kulle ke saye da sayar da hatsi da abinci daga gida zuwa gida ba tare da sun taka kasuwa ba. Uwa mai sana'a tsohuwar aba ce a wurinmu.

Abin da ya sauya uku ne. Na farko, wurin aikin ya yi nisa da ɗaki. Mai ƙuli-ƙuli tana jin kukan ɗanta daga bakin murhu, amma ma'aikaciyar jinya da ke kwanan aiki a asibiti ba ta ji. Na biyu, babban gida ya watse. Da, ga kaka, ga gwaggo, ga facaloli, yaro na yawo hannu-hannu, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Yau amarya tana gidan haya, ciki da falo, a Kano ko Abuja ko Yamai, daga ita sai maigida, ƙofa a kulle, maƙwabciyar ma ba ta san sunanta ba. Na uku, tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabi. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kowane magidanci ya san kwana nawa wannan kuɗi ke yi a gida mai baki shida.

Shi ya sa dole mu yi adalci a nan. Akwai matan da ba zaɓi suke yi ba. Matar da mijinta ya rasu, da bazawarar da aka sako da yara uku, da wadda maigidanta ke kwance ba lafiya, in ba su fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Mai yi musu gorin barin yara, ya fara kai musu mudun masara tukuna.

Me addini ya ce? Ga Musulmi, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta yi bayanin shayarwa na shekara biyu cikakku ga wanda ke son cikawa, ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a kan uban yaron, ta halatta yaye bisa yardar juna da shawara tsakanin iyayen biyu, ta kuma halatta a nemi wata ta shayar a biya ta. Ku lura da shawarar nan, domin ita ce gidajenmu suka fi rasawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Nana Khadija 'yar kasuwa ce. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana da abin hannunta, tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka kuma yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san sura ta 31 a littafin Karin Magana, inda aka yabi macen da ke kula da iyalinta, tana saƙa, tana ciniki, har ta sayi gona. Sharuɗɗan fita da iznin miji da irin aikin da ya dace, waɗannan a zauna da malamai masana a ji dalla-dalla.

Akwai darasi kuma daga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matar Waziri Gidado ce, uwa ce, marubuciya ce, malama ce. Da ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajojin da ke tahowa daga ƙauyuka don ɗaukar karatu galibi dattijan mata ne tare da 'yan mata, su koma su isar wa masu goyo a gidajensu. Tsarin ya san cewa rayuwar mace zango-zango ce. Akwai lokacin da goyo ke riƙe ta, akwai lokacin da hannunta ke sakewa. Wadda ta zauna bana, ba ta rantse za ta zauna har abada ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Yanzu mu juya ga wanda ake rigimar dominsa, shi da ba ya iya magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Masana suna yawan ambaton kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, saboda a nan ne ƙwaƙwalwa da jiki ke yin ginin da ke da wuyar ramawa daga baya.

To, me doka ta ba mai jego? Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba da hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta kai wata shida a wurin aikin. Ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba ɗanta nono, ya kuma hana a sallame ta tana cikin hutun. Ma'aikatan gwamnatin tarayya an ƙara musu zuwa mako 16. Jihar Legas ta mayar da na ma'aikatanta wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. A Nijar da Kamaru da Chadi mako 14 ne, a Ghana mako 12.

Ku auna da kanku. Likita ya ce wata shida, dokar ƙasa ta ce mako goma sha biyu. Ko da mace ta tara hutun gaba ɗaya bayan haihuwa, yaron bai cika wata uku ba za a ce ta dawo. Wannan giɓin ba uwa ce ta haƙa shi ba, amma ita ake zagi a kansa. Mai tuyar ƙosai da mai aikatau da 'yar kasuwa kuwa, wa ya taɓa ba su hutun haihuwa? Ranar da ba su fito ba, babu.

Kada kuma mai zaman gida ta ce ta tsira. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. A yankinmu, sau da yawa uwar tana nan zaune a ɗaki, amma an ɗura wa jariri ruwa da jiƙe-jiƙe tun kafin suna, wai ƙishirwa za ta kama shi. Zama kusa da yaro daban, sanin yadda ake kula da shi daban. Uwar da ke gida amma idonta na kan waya ko fim daga safe zuwa la'asar, yaron yana rarrafe a ƙasa babu mai ce masa uffan, ita ma ta yi nisa da shi. Yaro yana buƙatar a yi masa magana, a yi masa wasa, a amsa gwarancinsa, a yi masa tatsuniya. Da haka yake koyon harshe da hankali.

Yanzu a ɗauko takarda da biro, maigida da uwargida, a yi lissafi. Ga misali, ku kuma ku sa naku alƙaluman. Malamar makaranta tana karɓar naira 70,000. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa 1,200 ne a rana. Kwana 22 na aiki, 26,400 ke nan. Gidan raino 15,000. Abincin rana da ƙananan buƙatun wurin aiki 10,000. Abin da ya rage 18,600. Wani zai ce, a kan wannan za ki bar jariri? Yana da hujja.

Amma lissafin bai ƙare ba. A tsarin fansho na 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba masa kashi 10. Ga ƙarin girma, ga gogewa, ga gurbin aikin kansa, wanda kowa ya san in an sake shi ba lalle a sake samu ba. Kuɗin raino na 'yan shekaru ne, yaro zai shiga makaranta. Farfesa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a ƙasarsu tazarar samu tsakanin namiji da mace masu aiki iri ɗaya tana buɗewa ne galibi bayan haihuwar ɗan fari. Dogon hutu yana da farashi, sai dai ba ranar ake biyansa ba. Sannan ga abin da ba ma son faɗa: mutuwa tana zuwa, aure yana mutuwa. Macen da ba ta da sana'a ko ta sisi, ranar da hakan ta faru, ita da yaran ne a rana.

A ɗaya gefen kuma, aikin mai zaman gida a sa masa kuɗi a gani. Nawa za a biya mai girki, da mai wanki, da mai raino, da mai jinyar dare, da mai bitar karatun yara? Magidancin da aka tambaye shi sana'ar matarsa ya ce ba ta aikin komai, ya gwada wuni ɗaya da yara huɗu, sannan mu sake tambayarsa. Ba gida biyu da lissafinsu zai zo ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

(Gajeren kiɗa)

Iyayena, yanzu mun zo inda maganar ta fi ɗaci, ku yi mini haƙuri.

A cikin zaɓin nan guda biyu akwai wata yarinya da ba a shawara da ita. In uwa tana sana'a a cikin gida, wa ke fitar da kayan? 'Yarta ce, da tiren talla a ka, tana bin tasha da garejin kanikawa a lokacin da sa'o'inta ke aji. Wata mai bincike 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi nazari a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa cinikin matan kulle a kan ƙafar yara yake tafiya. Har yau haka abin yake a unguwanni da yawa.

In kuma uwa ma'aikaciya ce, wa aka bar wa jaririn? Sau da yawa 'yar shekara goma ce ko sha ɗaya, da wata dillaliya ta kawo daga ƙauye. Ita ke tashi da asuba, ita ke kwanciya ƙarshe, kuɗin aikinta ma ba hannunta yake shiga ba. Yaran gida suna tafiya makaranta da jaka, ita tana rakiyarsu da kwandon abinci. Hajiya, yarinyar da ita kanta raino take buƙata, yaya za ta yi miki raino? In jariri ya shaƙe ko ya faɗa ruwan zafi, me ta sani? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen danginsa. Ko babu doka, akwai hisabi. Duk tsarin da zai gyara rayuwar ɗanki ta hanyar kashe ta 'yar wani, a sake shi.

Mai sana'ar gida, yau akwai mafita. Waya tana kai hoton kaya inda tire bai taɓa zuwa ba. Akwai sari ga masu shago, akwai ɗan aike babba da za a biya. Ma'aikaciya kuma, nemi babbar mace mai hankali, ki biya ta haƙƙinta a hannunta. In kuma akwai yarinya a gidanki yanzu haka, sa ta makarantar da za ki yarda ki sa taki.

Maigida, ga taka. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyanka suke, ko matarka ta fi ka samu. Albashinta da ribar sana'arta nata ne. In ta taimaka, kyautatawa ce, a gode mata. Kada ka karɓe mata katin banki ranar albashi, sannan ka dawo kana ƙorafin tuwo ya makara. Kai kuma da ka yi wa iyayenta alkawari lokacin neman aure cewa za ta ƙarasa karatu, ta yi aiki, da ta tare ka ce ba ka san zancen ba, ka ji tsoron Allah. In kuwa kai ka nemi ta zauna, to ka ɗauke mata buƙatunta ba tare da gori ba, ka ba ta jari, ka bar ta ta je Islamiyya da gidan 'yan'uwa. An tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah ke yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Ɗaukar ɗanka ka jijjiga shi matarka ta runtsa, ba ya rage maka girma. Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza a 2021 in matansu sun haihu. Don a taya mai jego aka ba da shi, ba don a ƙara zaman majalisa ba.

Ga wata tambaya ga mu duka. Idan matarka na naƙuda, likita mace kake nema. Idan 'yarka ta shiga sakandare, malama mace kake so. Su waɗannan, ba matan wasu ba ne? Ba su da jarirai? Shirin Women for Health, wanda aka fara a 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe don ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya, ya gane haka, shi ya sa aka samar da ɗakunan raino a makarantun koyon jinya da ungozoma domin ɗalibai masu goyo. Al'ummar da ke son ungozoma mace, dole ta tanadi inda ungozomar za ta ajiye ɗanta. Masu makarantu da asibitoci da kamfanoni, ɗaki ɗaya mai tsabta da dattijuwa amintacciya ba zai karya ku ba. 'Yan majalisun jihohin da ba su kai hutun haihuwa wata shida ba, Kaduna ba ta da nisa, ku je ku tambaya.

Kafin mu rufe, ga 'yan shawarwari. 'Yar'uwa mai komawa aiki, fara koyon tatsar nono mako biyu kafin hutu ya ƙare. Wanke hannu, tatsa a kofi mai tsabta mai murfi. Yana kai kimanin awa 4 a wuri mai sanyi a ɗaki, a firjin da wuta ba ta yanke masa kuwa har kwana 4. A ba jariri da ƙaramin kofi. Ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi za ta nuna miki yadda ake yi. Je ki ga gidan rainon da idonki, ki kai ziyarar ba-zata, ki ƙirga yara nawa ke hannun mutum ɗaya. Ki san haƙƙinki, ki nema a rubuce. In kin dawo gida, ajiye waya, ki ba yaron sa'ar farko.

'Yar'uwa mai zama, kada ki bar iliminki ya yi tsatsa. In kina da lasisin aiki, ki riƙa sabunta shi. Riƙe sana'a ko ƙarama ce, ki buɗe asusu da sunanki, ki shiga adashin amintattu. Ku sa lokaci ke da maigida, in an yaye yaro ko ya shiga makaranta, a sake zama a duba.

'Yan mata da samari masu shirin aure, ku yi wannan magana tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, kowa ya ji.

Mu kuma sauran jama'a, mu sassauta harshe. Mai zaman gida tana aiki, ma'aikaciya tana raino, kowacce tana ɗauke da kaya. Maimakon gori, maƙwabciya ta riƙe wa maƙwabciyarta yaro na awa biyu, kaka ta sa albarka, miji ya sa hannu. A yau ɗin nan, in an yi sallar isha'i yara sun kwanta, maigida da uwargida ku zauna ku amsa tambayar nan tsakaninku da Allah: a hannun wa ɗanmu ke wuni, kuma akwai wanda muke zalunta don mu samu sauƙi?

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. A madadin waɗanda suka taimaka aka haɗa shi, nake cewa Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)